Cokali Uku na Fitsari, Ranar Sha Bakwai ga Azumi

Saƙon ya shigo wayata wajen ɗaya da rabi na rana, na gama sauke kaya ke nan a wani sito da ke bayan garin Kolambos, jihar Ohayo. Sha bakwai ga azumin 2022. Mai raba mana lodi ne ya rubuto: kwamfuta ta zaɓo sunanka, ajiye mota ka wuce wurin gwajin ƙwaya yanzu. A aikin nan in an ce yanzu, to yanzun ake nufi. Babu bari in kai kaya tukuna, babu sai gobe da safe.

Ko ɗar ban ji ba. Giya ban san ɗanɗanonta ba, wiwi sai dai in ji warinta a wurin ajiye motoci, abin da ke aljihuna bai wuce goro ba. Shekarata huɗu ina jan tirela a Amurka, an gwada ni kafin a ɗauke ni aiki, an sake gwada ni sau biyu bayan nan. Doka ta ce kowace shekara kamfani ya yi gwajin ƙwaya da yawansa ya kai rabin adadin direbobinsa, na barasa kuma kashi 10 cikin 100, duk ta hanyar ƙuri'a. Wanda ya fito a watan jiya yana iya sake fitowa a wannan watan.

Wata dattijuwa ce ta karɓe ni. Ta duba lasisina, ta sa na cire jaket da hula, na zazzage aljihu a kan tebur: makulli, carbi, ɓarin goro a leda. Ta ɗaga goron ta jujjuya, na yi mata bayani, ta yi murmushi ta ajiye. Na wanke hannu, ta miƙo mini kofin roba. A banɗakin an zuba shuɗin rini cikin ruwan masai, an kashe famfo, don kada wani ya sirka. Zancen buta ma bai taso ba, tsarki sai bayan ka fito ka miƙa kofi. Abin da ake nema mililita 45 ne, wato cokali uku na cin abinci, kuma cikin minti huɗu za ta duba zafinsa ta tabbatar daga jikinka ya fito.

Na tsaya, na tsuguna, na yi nishi. Abin da ya sauko ko gindin kofin bai rufe ba. Rabona da ruwa tun sahur, ga shi ina isowa sito na shiga banɗaki na rage ɗan abin da ke marata.

Ta zubar da shi, ta rubuta lokaci, ta zaunar da ni. Ta ce ina da awa uku, zan iya shan ruwa har kusan lita ɗaya da ɗan ɗoriya a tsawon lokacin, ban da fiye da haka. Na ce ina azumi. Ta ce ƙin shan ruwa ba laifi ba ne, babu mai tilasta mini. Amma in awa ukun ta cika babu fitsari, za a tura ni wurin likita cikin kwana biyar, in bai sami wata cuta da ta hana ni ba, za a rubuta cewa na ƙi gwaji. Ƙishirwa kawai ko faɗuwar gaba, ba tare da hujjar asibiti ba, ba sa cikin uzurin da ake karɓa. In kuwa na fita daga ginin kafin a gama, shi ma ƙin gwaji ne.

A nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ƙin gwaji hukuncinsa ɗaya da a samu hodar iblis a fitsarin mutum. Ranar za a raba ka da sitiyari. Sunanka ya shiga rumbun bayanai na gwamnatin tarayya da aka buɗe ranar 6 ga Janairun 2020, wanda duk kamfanin da zai ɗauki direba sai ya leƙa, don haka tsohuwar dabarar sauya kamfani a yi shiru ta mutu. Kafin ka koma sai ka ga ƙwararren mai ba da shawara kan shaye-shaye, galibi da kuɗinka, ka yi abin da ya yanka maka, a sake gwada ka wani na tsaye yana kallo ido da ido, sannan a bi ka da gwajin ba-zata aƙalla shida a shekarar farko. Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba, a ce mashayi ne ni a takarda?

Awa ɗaya na yi ina kallon agogon bango ina jiran ikon Allah. Shiru. Magariba kuwa sai bayan takwas. Na kira limamin masallacinmu.

"Allah gafarta Malam, ga halin da nake ciki."

Ya saurara har na kai aya. Ya tambayi nisan da ke tsakanina da gida, na faɗa masa. Ya ce, "Kai matafiyi ne, kuma abincin iyalinka ne a kan layi. Sha ruwanka, ka rama bayan salla." Na san malamai suna da maganganu kan wanda ya ɗauki azumi a tafiya sannan ya ajiye, ni dai fatawar da aka ba ni ke nan, da ita na yi aiki. Kofi huɗu na sha, maƙogwarona na karɓa zuciyata na ƙi. Saura minti arba'in lokaci ya cika na cika mata cokulanta uku har da gyara. A gabana ta raba shi kwalba biyu, 30 da 15, ta liƙe, na sa hannu a kan kowace. Ta biyun ajiya ce: in sakamako ya fito da matsala, kana da awa 72 ka nemi a gwada ta a wani ɗakin bincike daban.

Ranar na ji haushin dokar, ba na ɓoyewa. Amma na san inda ta samo asali. A watan Janairun 1987, a garin Ces na jihar Merilan, wani direban jirgin ƙasa da ya sha wiwi ya tsallake alamar tsayawa, jirgin fasinja ya afka masa, mutum 16 suka mutu. A 1991 majalisa ta wajabta gwajin a kan matuƙa jirgin sama, na ƙasa, bas da manyan motoci. Ni kuma na taso ina ganin yadda tiramol da kodin ke yawo a tasha kamar alawa, direba ya watsa ya kora da shayi ya ɗebi mutum goma sha takwas. Don haka bakina ba ya iya zagin gwajin. Abin da na gane shi ne, rashin shan komai bai isa ya fisshe ka ba, sai ka san ƙa'idar ɗakin.

Tun daga lokacin ba na shan maganin tari ko na ciwon jiki da wani ya zo da shi daga gida, don kodin na cikin abin da ake nema, kuma likitan da ke duba sakamako in ya kira ka, takardar magani da aka rubuta da sunanka yake son gani. Man ganyen wiwi da ake sayarwa a gidajen mai don ciwon baya ma na bar shi inda na gan shi, ko da jihar ta halatta wiwi, direban tirela dokar tarayya ce a kansa. In azumi ya zo, a sahur nake cika ciki da ruwa, kuma da rana ba na gaggawar shiga banɗaki sai na duba waya.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito, babu komai. Azumin na rama shi cikin Shawwal, wata Alhamis, ina jiran lodi a Indiyana.