Tarihin Rayuwata (14): Kuɗin Hayar da Bai Shiga Littafi Ba

Makon jiya mun tsaya a komawarmu gidan haya a Kurna, ciki da falo, ni da maiɗakina da yara biyu. Yau za mu shiga abin da ya biyo bayan rasuwar mai gidan, dattijon da kowa a layin ke kira Baba.

Hayata a watan Maris take cika, N150,000 a shekara. A watan Janairun 2023 sai maganar canjin kuɗi ta taso gadan-gadan, Babban Banki ya ce tsofaffin takardun N200 da N500 da N1,000 za su daina aiki ranar 31 ga wata. Ni gyaran waya nake yi a Farm Centre, a hannu ake biya na, kowa kuma neman rabuwa yake da tsohon kuɗi. Suka taru mini, layin banki kuwa sai wanda ya gani. Bayan la'asar na sami Baba a dakali na ce, "Baba, ko za ka karɓi hayar bana tun yanzu? Sai dai tsofaffin kuɗi ne." Ya ce, "Kawo, ɗana. Gobe ma Dawanau za ni in sayo gero da masara saboda azumi." Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya miƙa wa ladanin masallacinmu da ke gefensa ya ƙirga masa. Tun shigata gidan haka muke yi, babu rasit, Baba ne ke rubuta wa kowa da ajami a wani littafinsa.

Bayan ƙaramar salla Allah Ya karɓi ran Baba. Da aka yi sadakar arba'in, babban ɗansa da ke aiki a Kaduna ya tara mu 'yan haya a zaure, littafin na hannunsa. Ya karanto na kowa. Da ya zo kaina ya ce, "Malam, na 2022 ne ƙarshen abin da na gani a nan." Na ce, "Alhaji, wallahi na biya tun kafin lokaci." Ya dube ni ya ce, "Ban ƙaryata ka ba. Amma me zan nuna wa sauran magada?"

Har yau ban ga laifinsa ba. Cikin magadan akwai ƙananan yaran amarya, dukiyar marayu ce a wuyansa, kuma wanda ya yi sakaci da ita ya san abin da ya ɗauka. Amma ciwon da na ji a daren nan ba na kuɗin ba ne kaɗai. Maƙwabtan da muke salla sahu ɗaya sun ji an tambaye ni hujja, ni kuma na yi shiru. Da a banki na ciro kuɗin, takardar asusu za ta nuna rana da adadi. Da tiransifa na yi, alat ya raba gardama. Kuɗina daga hannun jama'a suka fito, suka shiga hannun Baba, suka zama buhunan hatsi.

Muka je gaban mai unguwa, ya aika aka kira liman. Na zaci tunda su ke neman kuɗi, su za su kawo hujja. Liman ya ce ba haka ba ne. "Kai ka yarda kana cikin gidan, ka yarda da adadin hayar. Haƙƙi ya tabbata a kanka. Yanzu kai ne mai da'awar ka biya, hujja kuwa tana kan mai da'awa." Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ɗaya ne ya gani." Ya ce a mazhabar Malikiyya, a sha'anin dukiya, ana hukunci da shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa. A nan na ji numfashina ya dawo.

Sai dai ladan ya tafi noman damina ƙauyensu can wajen Gumel, waya kuma ba ta shiga. Na bi shi har gona. Ya ajiye fartanya, ya saurare ni, ya ce ranar Juma'a zai shigo Kano, kuma kada in ba shi ko kuɗin mota, don kar a ce sayen bakinsa na yi.

Ya cika alkawari. A gaban mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na ƙirga. Ɗauri ɗaya na 'yan dubu-dubu, ɗaya na 'yan ɗari biyar-biyar, an ɗaure da kyauro. Akwai 'yan ɗari biyar guda biyu da aka liƙe da salatif, marigayi ya ce ba za a karɓa a Dawanau ba, yaron nan ya canza su daga aljihunsa." Ni kaina sai da ya faɗa na tuna da waɗannan takardun biyu.

Ana cikin haka uwargidan Baba ta aiko daga cikin gida cewa geron da suka yi kunun azumi da shi, marigayi ya gaya mata kuɗin mai gyaran waya ne. Ba ta ga biyan da idonta ba, kuma rabonta na cikin tumunin gado zai ragu da wannan magana, amma ta faɗa.

Liman ya ce in yi alwala. Na miƙe, Alhaji ya riƙo hannuna ya ce, "Zauna, Malam. Na yafe rantsuwar. Allah Ya jiƙan Baba." Aka rubuta takarda cewa na biya har zuwa Maris 2024, shi da ladan da liman suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Kafin ya koma Kaduna ya sayo littafin rasit mai kwafi biyu ya bar wa ƙaninsa, ya ce duk wanda ya biya a yanka masa nan take.

Takardar ba ta yi wata uku a hannuna ba dillalai suka fara zuwa da masu duba gida, domin magada sun yanke shawarar sayarwa a raba. Yadda muka kwashe da sabon mai gida, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.