Yadda na haɗa tarihin Napoli don shirin rediyo

Da Napoli ta lashe gasar Serie A a 2023, wani abokina mai gabatar da shirin wasanni a rediyo ya ce in haɗa masa tarihin ƙungiyar, domin masu sauraro sun hana shi sakat da tambaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 a kakar, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Italiya, sai ga yaran da ba su san komai ba sai Firimiya suna neman rigar Napoli.

Na fara da jera kofuna, ban daɗe ba na gama, don ba su da yawa. An kafa ƙungiyar a 1926, ta yi shekara 60 ba ta ɗauki gasar ba, sai Kofin Italiya a 1962 da 1976. Na 1962 ma tana rukuni na biyu ta ci shi. Da na karanta jerin da ƙarfi, sai na ji babu wanda zai bar abin da yake yi ya saurare shi.

Tsoffin hotunan bidiyo ne suka nuna mini inda labarin yake. Akwai na ranar 5 ga Yuli 1984, da aka gabatar da Diego Maradona a filin San Paolo bayan an sayo shi daga Barcelona. Ba wasa ake yi ba, amma sama da mutum 70,000 suka cika filin. Ya hauro daga matakalar ƙarƙashin ƙasa, masu ɗaukar hoto sun yi masa zobe har da kyar ake ganin kansa, ya ɗan yi wasa da ƙwallo, ya doka ta sama. Iyakar abin ke nan. Wanda bai san Italiya ba zai ce hauka ne. Dole na yi wa mai sauraro bayanin cewa a can Kudu ce yankin talauci, masana'antu da kuɗi suna Arewa, a Turin da Milan, kuma iyalan Agnelli masu kamfanin motar Fiat su ke riƙe da Juventus. 'Yan kallon Arewa sun daɗe suna yi wa mutanen Naples, birnin ƙungiyar da ke Kudu, waƙoƙin gori. Sai da na shimfiɗa wannan kofin Serie A na farko da ta ɗauka a 1987 ya yi nauyin da ya kamata, haka Kofin UEFA na 1989 da gasar 1990.

Abokina ya so mu tsallaka daga Maradona kai tsaye zuwa Osimhen. Na ƙi, kuma a nan muka fi jan magana. Shekarun da ke tsakani ba su da daɗin ji, amma su suka haifi Napolin da muke kallo yanzu. An dakatar da Maradona wata 15 a 1991 kan hodar ibilis. Bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, ta shiga sayar da 'yan wasanta: Zola ya tafi Parma a 1993, Ferrara ya koma Juventus a 1994, Cannavaro ma Parma ta ɗauke shi a 1995. Ta faɗa Serie B, wato rukuni na biyu, a 1998, ta dawo a 2000, ta sake faɗawa bayan kaka ɗaya, a 2004 kotu ta ce ta karye. Aurelio De Laurentiis, mai shirya finafinai, shi ya tayar da ita daga rukuni na uku da sunan Napoli Soccer. Sai a 2006 ta karɓo sunanta na asali, ta koma Serie A a 2007.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin halin De Laurentiis a ciniki ba. Ya sayar da Cavani ga PSG a 2013, Higuain ya tafi Juventus a 2016 kan Yuro miliyan 90, magoya baya suka yi ta tsinuwa, ƙungiyar kuwa ba ta koma gidan jiya ba. Ni dai ba na ƙaunar yadda yake rabuwa da 'yan wasa, amma na fahimci tsoron da ke bayansa.

Wani abin da na koya shi ne in riƙa duba shekarar kowane suna. Filin da na kira San Paolo an mayar da shi Diego Armando Maradona a Disamba 2020, kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, don haka a shirin na kira kowane zamani da sunan da filin yake da shi a lokacin.

Da aka nemi a maimaita shirin a 2025, sai da na ƙara sabon sashe. Napoli ta sake ɗaukar gasar a hannun koci Antonio Conte, Osimhen kuma a lokacin yana Galatasaray a matsayin aro.