Yatsan da na'ura ta ƙi karɓa

Shekaru kaɗan da suka wuce na yi aikin wucin gadi na 'yan watanni, ina rajistar tsofaffi a wani shirin tallafi na gwamnati. Aikin ba wuya. In rubuta suna, in ɗauki hoto, in sa mutum ya ɗora babban yatsansa a kan wata 'yar na'ura. Idan ta nuna kore, ya shiga. Idan ta nuna ja har sau uku, umarnin da aka ba mu shi ne mu ce masa ya dawo wani lokaci.

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo, jikarta na riƙe da hannunta. Ta ɗora yatsa, ja. Na goge gilashin da gefen rigata, ta sake ɗorawa, ja. Da na kama hannun don in gyara mata, sai na ga inda matsalar take. Yatsan sumul yake kamar bayan cokali. Wanki da aikin ƙarfi na shekara da shekaru sun cinye zanen kaf.

"Ɗana, ko in je in wanke hannun ne?"

"A'a Inna, hannunki lafiya lau. Na'urar ce."

"To yaushe zan dawo?"

Na rasa abin cewa, domin na san ko sau goma ta dawo zanen ba zai tsiro ba. Na rubuta sunanta da lambar wayar jikar a bayan littafina, na ce za mu neme ta. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta fita. Addu'ar nan ta fi zagi yi mini nauyi.

Waɗanda suka tsara shirin ba mugaye ba ne, wannan na yarda da shi har yau. Sun sa sharaɗin yatsa ne don toshe ƙofar sunayen bogi, kuma sunayen bogi suna cin kuɗin talaka da gaske. Sai dai sharaɗin ya zaɓi waɗanda wahala ta fi ci, ya tsayar da su a bakin ƙofa. Wanda bai taɓa aikin da zai goge masa yatsa ba ya wuce cikin minti biyu. Tun daga ranar na daina auna manufar gwamnati da jawabin ranar ƙaddamarwa. Ina zuwa kai tsaye wurin ƙananan sharuɗɗan, in tambayi kaina wa za su bari a waje.

Abin ba sabo ba ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya yanka wa yara kaso daga baitulmali, amma sai an yaye yaro yake fara karɓa. Wani dare yana gadin wani ayarin fatake a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai ya riƙa jin kukan jariri ba ƙaƙƙautawa. Ya je ya yi wa uwar magana, ya koma, kukan bai tsaya ba. Da ya matsa mata, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, sai ta ce yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya ba kowa sai wanda aka yaye. Da asuba kuka ya hana mutane jin karatunsa a salla. Yana idarwa ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, daga yau kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa, aka kuma rubuta wa sauran garuruwa.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan shi ne bai ce matar ta yi zamba ba, alhali da ya so yana iya faɗin haka. Ya ga cewa dokarsa ce ta tura ta, ya gyara dokar kafin rana ta fito. Kuma bai ji labarin daga rahoto ba, da kunnensa ya ji kukan.

A zamaninmu ma an ga irin wannan. A 1997 Uganda ta soke kuɗin makarantar firamare, amma da farko ga yara huɗu kawai a kowane gida. Ka yi tunanin uban da ke da yara bakwai yana zaune yana lissafin wanda zai bari a gida. Daga baya an cire iyakar. Ko da iyakar na nan ma, ɗalibai sun tashi daga kusan miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5 cikin shekara guda. Kenya ta bi sahu a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka cika azuzuwa, har wani dattijo mai shekara 84, Kimani Maruge, ya shiga aji ɗaya a 2004. Ashe da can iyayen nan ba ƙin boko suke yi ba, kuɗin ne babu.

Shirin da na fi yawan komawa in duba shi ne Bolsa Família na Brazil, wanda aka fara a 2003 zamanin Shugaba Lula. Ana ba gidajen talakawa kuɗi duk wata, galibi katin da sunan uwa, da sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta kuma a yi musu rigakafi. Sharaɗi ne shi ma, amma ga bambancin: idan yaro ya daina zuwa makaranta, ba a yanke tallafin nan take. Ana fara da gargaɗi, sannan a riƙe kuɗin na ɗan lokaci, kuma an tanadi ma'aikatan jin daɗin jama'a su bi sawu su ji abin da ya faru a gidan. Wataƙila uwar ce ba lafiya, wataƙila yaron ya shiga aiki ne don a ci. Tsarin ya ɗauki rashin zuwan yaro a matsayin alamar gidan na cikin matsala. A shekarunsa goma na farko, kuɗin da ake kashewa a duk shirin bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, kuma a 2014 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Brazil daga taswirar yunwa, wato jerin ƙasashen da ke fama da yunwa.

Ina da abokai masu cewa duk wannan tausayi ne mai tsada, a fara gina arziki tukuna sannan a raba. Ina jin su, domin kuɗin gwamnati ba rijiya ba ce marar ƙarewa. Amma ban ga yadda za a gina arziki da yaron da bai iya karatu ba, ko da gidan da ciwo ɗaya ya tsiyata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2017 ya ce kusan mutum miliyan 100 ne kuɗin magani ke jefawa cikin matsanancin talauci. Waɗannan mutane ne da suka sayar da abin sana'arsu don biyan asibiti, kuma wanda ya sayar da jarinsa ya fita daga sahun masu biyan haraji. Birtaniya ma ba ta jira ta yi kuɗi ba. A 1948 ta buɗe tsarin kiwon lafiya kyauta ga kowa, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bashi ya yi mata katutu, ana raba abinci da kati.

Kafin aikina ya ƙare, bayan littafin nan ya cika da sunaye, yawancinsu mata, kusan duk masu aikin hannu. Ni da wasu abokan aiki biyu muka haɗa su muka kai wa shugabarmu. Ta duba, ta yi shiru, ta ce za ta tura sama. An ɗauki makonni kafin amsa ta zo cewa wanda yatsansa ya ƙi, a karɓe shi da hoto da shaidu biyu. Layi ɗaya ne aka ƙara a takardar umarni.

Na buga lambar jikar a ranar. Ta ce Inna na nan, amma ƙafa ta matsa mata, ba ta iya fita yanzu. Na tambayi shugabarmu ko zan iya ɗaukar takardun in je gidan, ta ce umarnin bai ambaci haka ba, amma bai hana ba. Washegari da sassafe na tafi.