Yi wa gogaggen dutse hula da waya

Gogaggen dutse ba shi da wurin kamawa. Mai gugar ya riga ya cire masa duk wani kaushi, ya bar shi sumul, kuma santsin nan da ke jawo mai saye shi ne ke wahalar da mai yi masa hula. Sana'ata ke nan: in ɗauki dutsen ado da ba a huda ba, in naɗa masa waya a ka, in fitar da ɗan zobe a sama inda sarƙa za ta ratsa. Riƙon filaya da magagari a wurin wani maƙerin fari na koya, mai ƙera zobba da warwaro na azurfa, daga baya ne na karkata ga duwatsu.

Mutanen zamanin da hudawa suke yi. A can baya a Ilori, masu yin duwatsun wuya da ake kira lantana da hannu suke huda jan dutsen da fataken Hausawa ke kai musu, da ɗan tsinken ƙarfe da ƙaramar guduma. Duwatsun wuya masu kusurwa uku da ake gani wajen Buzaye kuwa da hudarsu suke isowa, da farko daga Khambhat ta Indiya, daga baya daga Idar-Oberstein ta Jamus. To amma huda ba wasa ba ce. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, dangin dutsen ado da ake kira tsakiya suna wajen 7 ne cikin 10, jan ƙarfe kuwa 3 kacal. Sai da abin huda mai bakin lu'ulu'u da ruwa suke huduwa cikin sauƙi, kuma ko a haka dutse yakan tsage ana gab da gamawa. Waɗannan lambobi biyu sun isa su gaya maka wanda zai bi wani: dutse ba zai lanƙwasa don waya ba.

Shi ya sa maigidana ba ya barin kowa ya yanki waya da zarar an kawo dutse. Sai ya ce, "Kai yaro, ina kake sauri? Juya shi tukuna." Ka juya shi a haske ka gano fuskarsa, wato gefen da launi ya fi fitowa, ka gano bayan da zai kwanta a ƙirji. Ka kama shi da yatsu biyu ta sama ka sassauta, ka ga inda nauyinsa ke rinjaya. In zoben hula bai zauna daidai saman nauyin ba, dutsen zai riƙa karkacewa a wuya, kuma babu adon da zai ɓoye hakan.

Abu mafi girma da na koya yana nan ne, a wurin da dutse ya fi faɗi. Yawancin duwatsun da ake kawo mini sirara ne ta sama, masu ƙiba ta ƙasa. Hular da aka ɗora a siririn kai kawai, komai matsinta, ba ta riƙe komai ba, domin dutsen zamewa zai yi ya bar ta a jikin sarƙa. Riƙo na gaskiya sai waya ta wuce wurin da dutsen ya fi faɗi ta kama shi ta ƙasa. Don haka nakan yanki waya mai kaurin milimita 0.8 guda biyu ko uku, in haɗa su a gindi, in hauro da su ta gefe da gefe, in ɗan janyo ɗaya ta hau kan fuska, ɗaya ta hau baya, sannan su haɗu a ka. A nan nake ɗaure su da siririyar waya mai milimita 0.4, zagaye kusa da zagaye ba tare da wani ya hau wani ba, har hular ta tashi. Duk wata murɗa ko fure da zan ƙara, sai bayan na girgiza dutsen kusa da kunnena ban ji motsi ba. Ina ganin aiki da yawa a kasuwa da waya ta lulluɓe rabin dutse da kwalliya, amma in ka danna da babban yatsa sai ya fito. Abin yana damuna ƙwarai, don wadda ta saya ba za ta sani ba sai ranar da ta shafa wuya ta ji wayam.

Gam fa? Yana da ranarsa. Dutse mai tsini wanda mai shi ba ya son waya ta ratsa fuskarsa, dole hula ce kaɗai da gam. Amma gam ba ya kama santsi. Sai an kankare kan dutsen da samfefa, daidai inda hula za ta rufe, a goge maiƙon hannu da sifirit, a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi ya kwana. Sufa-gulu kam ba na kusantarsa da dutse: yana barin farin hazo, kuma bugu ɗaya ya ɓalle.

Ita ma waya tana da halinta. Jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, in aka matsa masa da kai da komo a wuri ɗaya sai ya karye. Maganinsa wuta: a gasa shi har ya yi ja-ja, a tsoma a ruwa, ya dawo da laushi. Wanda ya saba da baƙin ƙarfe yakan yi mamaki, don shi tsomawa a ruwa taurara shi take yi. Wayar kwayil da ake samu wajen masu gyaran fanka tana da kyau, sai dai tana da ɗan shafe mai ƙyalli da ake ƙonewa a goge. Duk wannan kafin waya ta taɓa dutse ne. Wuta ba ta zuwa kusa da dutse, domin takan fasa shi, shi kuwa ametis mai ruwan shuni zafi yana mayar da shi rawaya, ba ya kuma dawowa.

Sai ƙarshen waya, wanda babu mai duba shi a wurin ciniki. Kowane baki da aka yanka kaifi gare shi. Nakan bi shi da magagari, in lanƙwasa shi ciki, sannan in ja abin wuyan a kan tsohon gyale. In ya kama zare ko ɗaya, da sauran aiki, don haka zai ja mayafin mai shi ko ya karce mata fata. Zoben sama kuma ramin sa ya kalli hagu da dama, yadda sarƙa za ta wuce dutsen ya kwanta da fuskarsa a waje.

Akwai abin da nake faɗa wa mai saye kafin ta biya. Jan ƙarfe da gumi suna barin kore a fata, musamman lokacin bazara. Sabulu yana wanke shi, lemon tsami da gishiri kuma suna dawo da hasken wayar, amma wadda ba ta so sai ta ƙara kuɗi a yi mata da azurfa mai lamba 925. Wani lokaci kuma a kawo mini dutse ƙulu-ƙulu, ba kafaɗa ba tsini, a ce hula kaɗai ake so. Sai in ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba zai riƙe hula ba. Ko ki yarda in saƙa masa raga ta zagaye shi duka, ko a kai wa mai huda." Wasu sukan yarda da ragar, wasu su karɓi dutsensu su nemi wani.