Gilashin da ya ƙi zama

Wata uku muna jiran lanƙwasasshen gilashin barandar wani gida da muke ginawa a Kano, falle shida, kaurin milimita 12. Ranar da aka buɗe akwatin, huɗu suka zauna daram, biyu suka ƙi. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma mai aluminiyam ɗinmu ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan fa ba ya yankuwa."

Da gaskiyarsa. Irin wannan gilashin gasa shi ake yi a zafin da ya haura digiri 600, a lanƙwasa shi yana da laushi, sannan a huce shi da iska nan take don ya yi tauri. Daga nan ko huda ɗaya ka ce za ka yi, sai ya tarwatse kamar tsakuwa.

Rabin laifin nawa ne. Awon takardar zane na aika, alhali kankaren ya ɗan karkace wajen zubi. Shi kuma dillalin da ya yi mana oda daga birnin Foshan na ƙasar Sin bai ko tambaya ba, ta ciki aka auna lanƙwasar ko ta waje. Arharsa ce ta ruɗe ni.

Dillali na biyun da muka nema, kafin ya faɗi kuɗi sai da ya turo yaronsa da siririn katako, aka yanko siffar wurin. Ya fi tsada, amma ya rubuta cewa duk abin da ya fashe daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano nasa ne.

Maigidan dai kullum sai ya tambaye ni yaushe za a cire katakon da muka toshe gurbin da shi.