Daga Illela zuwa Sakkwato da kumburin kuncin Inna

Bayan sallar asuba muka tashi daga Illela, ni da kawuna da kakarmu Inna, wadda ta haura shekara 80. Kumburin da ke gaban kunnenta na dama ya daɗe, mutanen gida na cewa hangum ne, alhali hangum ba ya wata da watanni. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne bakinta ya fara karkacewa, idonta na dama kuma ba ya rufewa sosai.

Mun wuce Gwadabawa da Kware, motocin albasa na ta wuce mu, Inna na jan carbi. Hantsi ya ɗaga muka iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Gawon Nama.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya daɗe yana taɓa wurin. Ya ce a nan babbar mabuɓɓugar miyau take, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta cikinta ta ratsa. Yawancin ƙarin da ke fitowa a wurin ba ciwon daji ba ne, amma in fuska ta fara shanyewa dole a yi zargi. Aka tsotso ɗan abin da ke ciki da siririyar allura, aka ɗauki hoton wuya. Muka sauka gidan 'yan'uwa a Mabera har sakamako ya fito: daji ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba.

Kawu ya ce, "Likita, tsohuwa kamar wannan za ta iya ɗaukar wuƙa?" Likitan ya ce ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, sai an auna zuciya da ƙoda da hawan jini, a ga ko jiki zai jure maganin barci. Sannan ya juya wajenta: "Inna, ke me kike so?" Wannan tambayar ta ratsa ni, domin tun daga gida mu ke yanke mata shawara. Ta ce a yi, in dai za ta iya shan furarta ta yi salla.

Bayan tiyata akwai gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, wajen mako 6, Litinin zuwa Juma'a, kuma yana busar da baki. Kawu ya koma Illela sayar da raguna biyu, ni na zauna jinya.