Jini, Firiji da Lambobin Waya

Asabar, 14 ga Yuni

Yau ce ranar da kulob ɗinmu ya tsayar don ba da gudummawar jini a asibitin da muke tallafa wa. Da gangan muka zaɓi ranar, domin ita ce Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan ƙasar Ostiriya da ya gano a 1901 cewa jinin ɗan Adam rukuni-rukuni ne. Kafin shi, a ƙara wa wani jini ya tashi, a ƙara wa wani ya cika, ba wanda ya san dalili.

Ni ne magatakardan kulob, don haka teburin rajista nawa ne. Kafin ƙarfe takwas mun jera kujeru a zauren da ke jikin ɗakin gwaje-gwaje, samarinmu sun shigo da gadaje masu naɗewa, ma'aikatan asibiti kuma sun kafa nasu teburin: sikeli, abin awon hawan jini, da 'yar na'urar da ake ɗiga wa jinin yatsa ta nuna ko mutum yana da isasshe. Ƙa'idar a bayyane take. Shekara 18 zuwa 65, nauyi kada ya gaza kilo 50, ban da mai ciki da mai shayarwa, ban da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. A takardar da muka raba satin da ya wuce na sa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: ana tara ledar jini kusan miliyan 118 da rabi a shekara a duniya, amma kashi 40 cikin 100 a ƙasashe masu arziki ake tara su, inda kashi 16 cikin 100 kacal na mutanen duniya ke zaune. Wasu da suka zo yau sun ce wannan layin ne ya taso su.

Cikin na farko-farko akwai wani dattijo da sandarsa. Ya zauna a gabana ya ce, "Ɗana, rubuta ni." Na tambayi shekarunsa, ya ce ya haura saba'in. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙa'ida ta hana a ɗibi naka." Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya laluba aljihu ya fito da waya ya ce, "To in nawa ya tsufa, ai na jikokina bai tsufa ba." Nan a gabana ya kira su. Bayan kamar awa guda sai ga ɗaya ya shigo, dogon saurayi, ga alama daga barci aka taso shi, kuma tsoron allura yake yi sosai. Baban ya ja kujera ya zauna a gefen gadon, yana ba shi labarin da ba shi da alaƙa da asibiti ko kaɗan, har leda ta cika yaron bai kalli hannunsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan matan da aka mayar saboda ƙarancin jini. Sun zo da niyya mai kyau, an ɗiga jinin yatsa, na'ura ta nuna su kansu ba su da isasshe. Ma'aikaciyar da ke awon ba ta sallame su haka nan ba, kowacce sai da ta yi mata bayanin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, ta rubuta mata takardar ganin likita. Akwai kuma wani magidanci da aka auna hawan jininsa sau biyu, aka ce ya wuce sashen ganin likita yanzu-yanzu, shi kuwa ya rantse bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Waɗannan ba su ba da ko ɗigo ba, amma a ganina zuwansu bai tashi a banza ba, kuma a rahoton da zan rubuta sai na sa su.

Da layi ya ragu na bar wa wani teburin na hau gado. An ɗaure mini dantse, an goge gwiwar hannu da auduga mai sanyi, an ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Allurar ta fi ta maganin zazzaɓi kauri, amma zafin na shigarta ne kawai. Ledar tana kan wani ɗan sikeli mai lilo a ƙasan gado, yana karkata hagu da dama don jinin ya gauraya da maganin da ke hana shi daskarewa. Ina kallo tana kumbura, launinta ya fi yadda mutum yake zato duhu. Mililita 450 ake ɗiba, daga cikin kusan lita biyar da ke jikin baligi, kuma bai fi minti goma ba aka gama. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin ne ke ɗaukar makonni, shi ya sa namiji sai bayan wata uku yake sakewa, mace bayan wata huɗu. Kafin a zare allura aka cika 'yan kwalabe na gwaji, domin ba ledar da za ta shiga jikin majiyyaci sai an duba ta: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Ina zaune ina hutawa sai shugaban ɗakin gwaji ya ce, "Malam, in ka warware zo ka ga kayanku." Bara kulob ya sa wa firijin ajiyar jini faranten sola da batura, saboda a da in wuta ta ɗauke janareta kuma ba mai, jinin da mutane suka bayar zubar da shi ake yi. Firijin jini dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 6. In ya yi ƙasa ƙwayoyin su daskare su fashe, in ya yi sama ƙwayoyin cuta su samu wurin yaɗuwa. A jikin ƙofar akwai takardar da ake rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma. Ya bi ta da yatsa yana nuna mini: huɗu, huɗu, biyar, huɗu, watanni a jere. Raina ya yi fari. Sai ya juya shafin kwanan nan, ya nuna inda aka ja layi da jan biro. Baturan sun fara gajiya. Gab da asuba, in dare ya yi tsawo babu wuta, ƙararrawar firijin sai ta fara kuka, mai aikin dare ya ruga neman a tada janareta. Farantan da ke kan rufi kuma ƙura ta rufe su, ba wanda aka ɗora wa alhakin gogewa. Lokacin da muka kawo kayan, kuɗin saye da na ɗaurawa kawai aka lissafa.

Muna tsaye a wurin Sistar ɗakin haihuwa ta shigo karɓar leda ɗaya. Mace ce mai shekaru, ba ta da yawan magana, amma da ta ji ni ne magatakarda sai ta tsaya. Ta ce, "Ƙanena, mun gode, Allah ya saka. Amma bari in faɗa maka gaskiya. Wannan jinin da kuka tara yau, nan da kwana 35 ko mun yi amfani da shi ko ba mu yi ba, ya tashi aiki. A watan Agusta fa? Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, awa biyu ta isa ta kai ta lahira. Ƙarfe biyun dare zan ce wa mijinta ya je ya nemo 'yan'uwa, ya fita yana buga ƙofofi, in bai samu ba ya faɗa hannun masu sayar da jininsu, su zo su ce su ƙannensa ne." Ta ce masu sayarwa su ne suka fi ɓoye gaskiya a tambayoyin da ake yi, domin kuɗin suke so, shi ya sa ko'ina a duniya jinin mai bayarwa don Allah a kai a kai ya fi aminci. Ta ƙara da yaran da maleriya ta shanye wa jini, da masu sikila da ke dawowa lokaci-lokaci. Sannan ta ce, "Abin da nake so a wurinku takarda ce. Suna, rukunin jini, lambar waya, na mutanen da in an kira su da tsakar dare za su ɗauka. Musamman O negetif, su ne in an rasa lokacin gwaji ake iya sa wa kowa, su ne kuma ba su da yawa."

Maganar nan ce na ɗauka na kai zaman da muka yi bayan an kwashe gadaje. Shugaba ya zo da nasa shirin: a yi wa ɗakin yara fenti, a gyara ƙofar shiga, a kafa allo mai sunan kulob. Ba na raina wannan. Ɗakin yaran yana buƙatar fenti, kuma allon ma yana da amfaninsa, domin mai ba da taimako yana son ya ga inda kuɗinsa ya shiga, kuma da haka muke samun sababbin mambobi. Ma'aji ya ce abin da ke asusu ba zai ɗauki fenti da batura a lokaci guda ba, ga kuma aikin yashe magudanan ruwa da awon idon 'yan makaranta da muka riga muka yi alkawari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, firijin nan mu muka ɗauki nauyinsa, in muka bar shi ya mutu ba mu da bakin neman wani aikin a asibitin nan." Na kawo misalin Rotary. Kulob ne irin namu da ya fara da mutum huɗu a Chicago a 1905. A 1985 suka ɗauki shan inna suka ce ba za su sake shi ba. A 1988 cutar tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, yanzu saura Afganistan da Pakistan. Fiye da shekara 35 kenan suna kan abu ɗaya, tare da gwamnatoci da hukumomin lafiya, kuma yawancin aikin ba na ɗaukar hoto ba ne, sanyaya rigakafi ne da bin gida-gida. Mu ba mu kai su ba, ba ma kusa, amma firiji ɗaya da takarda ɗaya ba su fi ƙarfinmu ba.

An ɗan ja. Wata mamba, wadda ita ma malamar jinya ce mai ritaya, ta tsaya a kan abin da ni ban kawo ba: sirrin mutane. Ta ce sakamakon gwaji tsakanin asibiti ne da mai jinin, kulob ba shi da hurumin gani ko tambaya, kuma ba wanda za a sa a takarda sai da yardarsa. Kowa ya amince. A ƙarshe aka tsaya a kan haka: batura farko, fenti in an samu rara. Samari biyu za su riƙa hawa goge faranti duk mako biyu. Masu ba da jini za a kasa su gida-gida, wasu su zo wannan watan wasu wata mai zuwa, don kada firiji ya cika rana ɗaya ya zauna wayam sauran shekara. Shugaba bai so a ɗage fentin ba, amma shi ya fara cewa a sa lambarsa.

Da na dawo gida na zauna shigar da sunayen a kwamfuta. Mun tara leda sama da talatin, kuma fiye da rabin masu su sun yarda a kira su kowane lokaci. O negetif mutum biyu ne kawai a ciki. Ɗaya ɗalibi ne, gidansu da nisa daga asibitin, ba shi da abin hawa, kuma da dare ba zai samu na haya ba. Na rubuta a zauren WhatsApp na kulob cewa ana neman mai mota ko babur da zai ɗauki nauyin ɗauko shi duk ranar da Sista ta kira. Mutum biyu sun amsa, gobe zan haɗa su da shi. Ranar Alhamis kuma zan raka mai gyaran sola ya auna baturan, mu san ko duka za a canza ko wasu za su ƙara kai mu gaba.